Da Sauƙi

Reza ce take gaya wa Baba Mai Aski cewa Asabar ta zo. Da sassafe ɗansa zai turo ƙofar sito da ƙafa, ya tsuguna a kansa, ya damƙe masa haɓa kamar wanda zai ɗura wa akuya magani, ya hau kankarar gemu a bushe. Ba ruwan ɗumi, ba sabulu, ba ko sannu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana gyara fuskokin jama'a, wanda ko yaro mai kuka ya hau kujerarsa sai ya sauka yana dariya, yau shi ake kankara da dakusasshiyar reza. Haba!

"Baba, ka daina motsi mana," in ji ɗan, wanda kowa ke kira Manaja tun da ya samu aiki a wani babban kanti. "'Yan ƙungiya suna hanya. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Bakin Baba ne ya faɗa, ba shi ba. Ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a shagonsa, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, sannan ya kwashe masa magana kakaf, ya bar masa wannan kaɗai. Hankalinsa garau yake. Yana ji, yana ganewa, maganganu suna nan cunkushe a kansa kamar da, lokacin da abokai ke cewa in za ka aski wurinsa ka tafi da kunnen aro. Amma duk abin da ya ɗauko daga ciki, ruwa yake so ko zagi ya shirya, da ya iso leɓe sai ya fito a "da sauƙi". In kuwa aka ce masa "ya jiki", to kalmar ba ta ma jiran izininsa, faɗowa take da kanta kamar atishawa.

A unguwar akwai wata ƙungiya ta masu aikin sa kai, 'yan kasuwa da ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda suka ware Asabar don ziyartar marasa lafiyar da ke kwance a gida. Ba wani ƙarfi gare su ba, ofishinsu ma ɗaki ɗaya ne a bayan shagon magani, amma abin da suka samu suna kaiwa. Su suka kawo wa Baba katifa mai laushi mai rigar leda, da keken marasa lafiya, kuma duk mako sukan zo da madara da man shafawa da ƙunzugun manya. Suna da doka ɗaya da ba sa karyawa: ba sa faɗa wa gida ba sanarwa. Ranar Juma'a da yamma za su buga waya su ce gobe muna tafe, don kada a kunyata masu gida. Doka ce ta mutunci, mutanen kirki suka kafa ta, kuma ita ce ta cuci Baba.

Da an gama kankarar gemu sai Manaja ya kama hammata, matarsa ta kama ƙafafu, su kinkime shi zuwa ɗakin gaba. Ɗakinsa ne fa, shi ya gina shi da aska da almakashi, tagarsa tana kallon titi. Bayan ya kwanta da 'yan watanni aka ce baƙi suna shigowa suna jin wari, aka mai da ɗakin falo, shi kuma aka mai da shi sito a kan tsohuwar tabarma. Ranar Asabar kaɗai ake janye kujera, a ɗauko katifar ƙungiya daga kan gadon Manaja, a shimfiɗa sabon zanen gado, a zura wa tsoho farar riga, a fesa turare har ya shaƙe. Keken ma sai an goge shi an ajiye a gefe, domin sauran kwanakin jarkokin ruwa yake ɗaukowa daga famfo.

Mutum biyu ne suke zuwa. Akwai Shugaba, dogo mai fara'a wanda waya ba ta barin hannunsa, sai wata malamar makaranta mai sanyin magana da Baba ya raɗa wa suna Mai Tabarau a zuciyarsa. Ita in ta shigo har ƙasa take durƙusawa kusa da katifar.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

Ya tattara duk ƙarfinsa. Yana so ya ce, 'yata, ba nan nake kwana ba. Ya ji maganar ta taso tiryan-tiryan daga ƙirji, ta hau maƙogwaro, ta iso harshe.

"Da sauƙi."

"Madalla! Allah ya ƙara sauƙi," in ji Shugaba. "Wallahi Manaja kana ƙoƙari. Da duk gidajen da muke shiga haka suke, da mun huta. Dubi fuska fes, dubi ɗaki."

"To ya za a yi, ranka ya daɗe," in ji Manaja yana sunkuyar da kai. "Uba ai ba a sake shi."

Aka ɗauki hoto, Manaja ya dafa kafaɗar mahaifinsa. Aka ajiye madara, aka yi addu'a, aka yi sallama. Ƙarar babur ɗin Shugaba ba ta gama ɓacewa ba aka zare farar rigar don kada ta ɓaci, aka sake kama hammata da ƙafafu.

Siton ba shi da taga, sai wani ɗan rami a sama da haske ke leƙowa. Nan aka jibge tsofaffin bokitai da karyayyen fanka da kwalayen da ba wanda ya san me ke ciki. Nan kuma aka jingine kujerar askinsa da babban madubin shago wanda ya tsage a kusurwa, yana fuskantar tabarmar. Yini guda Baba yana kallon wani tsoho mai karkataccen baki yana kallonsa. Jikoki an hana su shiga, wai kada su ɗauki ciwo, sai ka ce shanyewar jiki mura ce.

'Yan ƙungiya sun koya wa gidan yadda ake juya mara lafiya, dama, hagu, baya, a shafa mai, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, don kada fata ta mutu. An yi kwana biyu ana yi, aka watsar. Surukarsa takan shigo da safe da kofin shayi, ta tallafi kansa ta ba shi da sauri, idonta yana bakin ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri, ni kaɗai ce. Ga yara, ga girki, ga wanki. Ni ba zan iya ɗaga ka ba, bayana ma ciwo yake. Ɗanka ya ce in ya dawo zai juya ka."

Ɗan in ya dawo da yamma sai ya tsaya daga bakin ƙofa yana toshe hanci da bayan hannu.

"Baba, yau na gaji wallahi, tun safe a tsaye nake. Gobe in Allah ya kai mu. Kuma ka gode wa Allah, wasu 'ya'yan ko leƙowa ba sa yi."

Wata rana matar ta ce ko a bar wa tsohon katifarsa, tabarmar nan tana cin sa. Baba yana ji daga ciki.

"Ke ba ki da lissafi," in ji Manaja. "In ya ɓata ta da fitsari fa? Su zo su ce ba mu kula da kayansu ba? Ai gara a adana musu ita."

Ka ji adana! A ƙarƙashin nasa bayan yake adana ta kullum har gari ya waye.

Abin ya fara ne da zafi-zafi a ƙasan baya, inda ƙashi ke gogar tabarma. Sai ya koma raɗaɗi. Sai wata safiya da suruka ta ja zanen da ke ƙarƙashinsa ya ji fata ta biyo zanen. Ta yi salati, ta ja da baya, ta kawo tsumma ta danna a wurin, ta rufe shi, ta fita. Ya ji ta tana gaya wa mijin a tsakar gida, ya ji mijin yana cewa ƙurji ne, zafi ne ya kawo shi, a barbaɗa hoda. Daga nan ƙudaje suka gane hanyar sito. Baba ya san warin nan. Ya taɓa jin sa a jikin wani tsohon abokin cinikinsa da yake zuwa yi wa aski a gida, kuma ya san inda mutumin ya ƙare.

Asabar ta zagayo. Aka naɗe ciwon da tsumma, aka ɗora ƙunzugu sabo, aka sa farar riga, aka ninka turare. Da Mai Tabarau ta durƙusa, Baba bai jira gaisuwa ba. Ya miƙa hannun hagu, mai rai, ya cafke wuyan hannunta, ya ja shi zuwa ƙugunsa da iyakar ƙarfinsa. Ta firgita kaɗan.

"Kin gani ko?" in ji Manaja yana dariya, yana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Godiya yake miki. Haka yake yi in ya ji daɗin mutum."

Ta gyara tabarau, ta ɗan ja numfashi ta hanci.

"Kuna juya shi kuwa yadda muka nuna?"

"Har ya gaji da mu, Malama."

"Bari in ɗan duba bayansa."

"Haba Malama!" Manaja ya dafe ƙirji. "Mahaifina ne fa, ke kuma mace. Mutumin nan kunya gare shi, ko da yake da lafiyarsa ba a taɓa ganin sa ba riga a tsakar gida ba. So kike ki ƙara masa ciwo?"

"Yana da gaskiya," in ji Shugaba. "Mu ba mu zo ƙure mutane a gidajensu ba. Mako mai zuwa ma zo da nas ɗinmu, namiji."

Ta sake juyowa wurin tsohon, ta sassauta murya.

"Baba, babu inda ke damun ka? Ya jikin naka?"

Ya yi kokawa, Allah ya sani ya yi. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya karyo masa.

"Da sauƙi."

"To kin ji da bakinsa," in ji Manaja.

Hawaye ya gangaro wa Baba ta gefen ido ya shige kunne. Shugaba ya ce Allah sarki, tsoho yana kukan farin ciki. Nas ɗin kuwa bai zo ba mako na gaba, wai an canja masa lokacin aiki, kuma ba wanda ya sake tayar da zancen.

A sito, yana kallon tsohon da ke cikin madubi, Baba ya gane wani abu da ya sa shi baƙin ciki fiye da ciwon. Ba rashin magana ke kashe shi ba, maganar ce. Da bebe ne shi gaba ɗaya, da tuni yarinyar nan ta ɗaga riga ta duba da idonta. Amma wa zai sake tambayar mutumin da ya riga ya amsa? Kowa ya san ko mai shirin mutuwa aka ce wa ya jiki, da sauƙi zai ce, haka aka tashi aka tarar. Kowa ya sani, amma kowa yana so ya ji ta, domin tana sauke wa mai tambaya nauyi ya tafi gida da zuciya wasai. Shi kansa sau nawa ya je dubiya, aka ce masa da sauƙi, ya ce madalla, ya koma shago ya ci gaba da surutu?

To tun da ba zai iya faɗin gaskiya ba, zai koyi yin shiru.

Ka ce abu ne mai sauƙi? Gwada riƙe atishawa ka gani. Suruka ce makarantarsa, domin duk safiya in ta shigo da shayi takan jefa masa "Baba ya jiki" ba tare da ta ko dube shi ba. Rana ta farko ya matse leɓe, kalmar ta fasa ta gefen da ya mutu ta fito. Rana ta biyu ya riƙe numfashi, ta jira shi ya saki, ta biyo iskar. Ya zagi bakin nan a zuciyarsa zagin da bai taɓa yi wa mutum ba. Baki mara mutunci, na ciyar da kai, na yi suna da kai, yau kai ne ɗan sandan Manaja!

Sai ya shiga kallon madubi yana lura. Ya ga kafin kalmar ta fito sai harshe ya tashi ya taɓa bayan haƙoran sama. In harshen bai kai can ba, babu "da", in babu "da" kuwa sauran ba ta da ƙofa. Ya koyi turo harshen gefen hagu, inda haƙoransa ke da ƙarfi, ya danne shi. Yini yake yi yana tambayar kansa a zuci, ya jiki, ya jiki, yana dannewa, har muƙamuƙinsa ya gaji. Zazzaɓi ya riga ya fara zuwa masa da yamma, yana kaɗa shi a kan tabarma, amma bai fasa ba.

Ranar Alhamis suruka ta ce, "Baba ya jiki?" Wani gurnani ya fito, kalmar ba ta fito ba. Ta tsaya da kofi a hannu, a karo na farko cikin watanni ta dube shi ido cikin ido. Bai kawar da kai ba. Ita ta kawar, har shayin ya zuba a wuyansa.

Safiyar Asabar jikinsa ya yi zafi rau, ko reza da ta taɓa shi sai da ya ji ta kamar ƙanƙara.

"Ka kira su ka ce kada su zo," in ji matar. "Dubi idonsa. Ni fa tsoro nake ji."

"In na ce kada su zo ai zargi za su yi. Kuma yau ne ranar madara. Ba shi maganin zazzaɓi, ki ƙara turare. Minti nawa suke yi? Su gaishe shi ya amsa su tafi."

Aka kinkime shi. Da bayansa ya taɓa katifar sai da ya ga duhu. Ya lallaɓa ya tura harshe tsakanin haƙora tun kafin a yi sallama, ya jira.

Mai Tabarau ta durƙusa.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

Kalmar ta taso da ƙarfinta. Ya danne. Ta buga, ya ƙara dannewa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin mai gyaran takalmi yana ƙwanƙwasa akwatinsa a titi.

"Baba?" Ta matso. "Ya jikin?"

Ya ji haƙori ya shige nama. Gishiri-gishiri ya cika masa baki. Idonsa yana cikin nata, bai ƙifta ba.

"Yau rigima yake ji," in ji Manaja da wata dariya da ba ta zauna ba. "Tsufa kenan. Baba, ana gaishe ka fa. Baba! Ya jiki?"

Jini ya silalo ta gefen bakin, ya bi sabon askin, ya ɗiga a farar riga.

"Subhanallahi," in ji Shugaba, ya sauke waya. "Baba, ya ji..."

"Dakata, Shugaba," in ji Mai Tabarau. "Kada wanda ya sake tambayar sa." Ta sa hannunta cikin nasa na hagu, ta ji zafin jikin, fuskarta ta canja. "Baba, kada ka yi magana. In akwai inda ke maka ciwo, matse hannuna."

Ya matse har yatsunta suka yi ƙara.

"A nan ɗakin kake kwana? In a nan ne, matse."

Ya saki hannun, ya bar shi a buɗe.

"Malama, wannan wane irin abu ne?" in ji Manaja. "A gidana? Na gaya miki mutumin nan kunya..."

"Baba," ta ce, ko kallon ɗan ba ta yi ba, "ni 'yarka ce. Ka yarda in duba bayanka?"

Ya matse.

Ta ce wa Shugaba ya kama kafaɗa, suka juya shi a hankali. Ta ɗaga farar rigar, ta kwance ƙunzugu, ta ɗaga tsumman da ya manne. Warin da aka yi makonni ana binnewa da turare ya tashi ya cika falon. Shugaba ya saki salati ya juya fuska bango. Baba ba ya ganin abin da suke gani, amma ya ji hannun yarinyar a kan haƙarƙarinsa, ya ji ɗigon wani abu mai ɗumi a fatarsa. Suruka ta fashe da kuka a bakin ƙofa tana cewa ita dai ta faɗa, wallahi ta faɗa.

"Ƙurji ne," in ji Manaja. "Shekaranjiya ya fito. Muna sa masa hoda."

"Hannuna zai shige ciki," in ji Mai Tabarau. Muryarta ba ta tashi ba. "Ina yake kwana?"

Baba ya ji takunta ya ratsa tsakar gida, ya ji ƙarar ƙofar sito da ya sani kamar sunansa. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo sai ta ce wa Shugaba ya nemo mota. Sai a lokacin Baba ya saki harshen.

A asibiti aka wanke ciwon, aka yanke abin da ya mutu, aka ɗaura masa ruwa. Likita ya ja Shugaba da Mai Tabarau gefe, amma bai yi nisa ba, domin shi ma ya ɗauka wanda ba ya magana ba ya ji. Ya ce gyambon ya kai ƙashi, dafin ya shiga jini, an makara ƙwarai, sai dai a sa shi ya ji daɗin abin da ya rage. Baba ya ji, bai kuma yi mamaki ba.

Manaja yakan zo da yamma da lemo a leda, ya zauna a bakin gado yana ba masu jinyar gadon kusa labari.

"Wallahi ba mu sani ba. Kullum sai na tambaye shi, safe da yamma, ya ce da sauƙi. To ni Allah ne da zan san abin da ke cikin riga? Su kansu 'yan ƙungiyar ai a gabansu yake faɗa, ga hotuna nan."

Masu jinya suna gyaɗa kai suna cewa haka ne, tsofaffi akwai ɓoye ciwo. Shugaba kuma da ya zo sai ya yi ta juya waya a hannu yana cewa za su zauna a kan dokar nan ta buga waya, amma fa a yi hattara, in aka fara faɗa wa mutane gida ba sanarwa za su rufe ƙofa gaba ɗaya. Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka saurare ta sai ka ji kamar da gaskiya. Tsoho dai yana kwance da rami a bayansa, a unguwar da ake zuwa duba shi duk mako.

Wata safiya wani ma'aikacin ɗakin, dattijo mai furfura, ya tsaya ya dubi gemun da ya tsiro masa, ya ce, "Baba, bari in ɗan gyara ka." Ya kawo ruwan ɗumi a kwano, ya jiƙa tawul ya ɗora a fuskar, ya bari gashin ya yi laushi. Ya murza sabulu har kumfa ta tashi, ya sa sabuwar reza, ya ja fatar da yatsa biyu, ya bi gashin yadda ya kwanta. Baba ya lumshe ido. Hannun bai ƙware can ba, ya bar 'yan gashi a ƙarƙashin haɓa, amma hannu ne da ya san fuskar mutum yake taɓawa.

An kwantar da shi ta gefen hagu, matashi tsakanin gwiwoyi, zanen gado busasshe. Allurar da aka yi masa ta kwantar da raɗaɗin. Tagar ɗakin a buɗe take, iska tana shigowa, yana hango mutane suna wucewa a titi, wani da buhu a ka, wata tana jan yaro. Rabon da ya ga titi ba a ranar Asabar ba har ya manta.

Mai Tabarau ta shigo daga makaranta, alli bai gama fita daga hannunta ba. Ta ja kujera ta zauna, ta sa hannunta cikin nasa. Tun ranar nan ba ta sake ce masa ya jiki ba, ta kuma hana kowa faɗa a gabanta. Shiru kawai take yi tare da shi.

Baba ya dube ta. Fuskarsa tana ƙamshin sabulu, bayansa ya yi shiru, ga titi, ga mutum a kusa. Wani abu ya taso masa daga ƙirji, kuma a karo na farko tun da ya faɗi a shago, abin da ke zuciyarsa da abin da ke bakinsa suka zo ɗaya. Ba wanda ya tambaye shi. Shi ya ɗauko ta da kansa, ya ɗora harshen da bai gama warkewa ba a bayan haƙora, ya miƙa mata.

"Da sauƙi."

Ta zabura, ta cire tabarau, idonta ya cika.

"Na sani, Baba. Na san da ciwo. Yi haƙuri, ka yafe mana."

A'a, 'yata, ya ce a zuciyarsa. Wannan ta gaske ce. Ya yi ƙoƙarin murmushi da rabin bakin da ya rage, ya sake faɗa a hankali yadda za ta gane.

"Da sauƙi."

Kuka ya ƙwace mata. Ta zare hannunta daga nasa, ta fita da sauri tana kiran nas a zo a ƙara masa allura, wai jikin Baba ya tashi. Ya bi ta da ido har ta ɓace a ƙofa, hannunsa a buɗe a kan zanen gado. Sannan ya mai da kansa wajen taga ya ci gaba da kallon titi.